Ƙannena masu neman zama akanta, ku tsaya mu yi magana kafin ku ajiye aiki

Wani yaro da na taɓa koya wa aiki ya kira ni kwanakin baya, muryarsa har rawa take saboda murna. Sakamako ya fito, ya haye takardarsa ta ƙarshe a jarrabawar zama akanta. Ban gama yi masa barka ba sai ya ce, "Yallaɓai, gobe da safe zan miƙa takardar ajiye aiki." Na ce Allah ya sanya alheri, amma an sa maka hannu a kan watannin horonka kuwa? Sai na ji shiru. Da ya dawo magana, sai ya ce ai yana nufin ya cike su daga baya, bai samu sukuni ba ne.

Wannan shirun nasa ne ya sa na zauna nake rubuta muku wannan. Ba shi kaɗai ba ne, kuma ni ma da nake magana na taɓa yin irinsa.

Da yawanku kun ɗauka cin jarrabawa shi ne zama akanta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ku dubi ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, wadda aka kafa a Ingila tun 1904 kuma take da ɗalibai a ƙasashe da dama. Wanda ya cinye takardunta duka bai zama mamba ba tukuna. Sai ya nuna wata 36 na aikin da ya shafi fannin, ya cika manufofin aiki guda 9, wani ƙwararren akanta da ya san aikinsa ya sa masa hannu a kansu, sannan ya kammala darasin ɗa'ar sana'a. ICAEW kuwa, ƙungiyar akantocin Ingila da Wales, kwana 450 na aikin zahiri take nema, a ƙarƙashin yarjejeniyar horo da ba ta gaza shekara uku ba. ICAN, ƙungiyar akantocin Najeriya, wadda doka ta kafa a 1965, ita ma tana neman shaidar aiki kafin ta rantsar da mutum. Duk inda ka je labarin ɗaya ne. Waɗannan ƙungiyoyi ba su yarda cewa abin da ka rubuta cikin awa uku ya isa shaida a kanka ba, kuma ina ganin sun yi gaskiya.

To me ya sa kuke wasa da littafin horo? Kuna barinsa sai ƙarshe, lokacin da maigidan da ya ga aikinku ya canja wuri, ko kun ɓata da shi, ko ku da kanku kun manta abin da kuka yi shekara biyu da suka wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ƙarshen wata ka zauna minti goma sha biyar ka rubuta abin da ka yi da hannunka: ka daidaita littafin kamfani da bayanin banki, ka je ƙidayar kaya a sito, ka shirya lissafin haraji. Duk wata uku ko shida ka kai wa mai kula da horonka ya duba ya sa hannu. Idan kuma ka lura shekara guda ke nan ba abin da ake ba ka sai shigar da rasit a kwamfuta, kada ka zauna kana gunaguni a bayan ido. Je ka same shi cikin ladabi ka ce, "Yallaɓai, ga manufofin da suka rage mini, ina roƙon a sa ni cikin masu rufe littafin wannan watan." Galibin shugabanni ba mugunta ce ke sa su manta da kai ba, aiki ne ya sha musu kai.

Mu dawo kan jarrabawar kanta, tunda ita ce ke hana ku barci.

Na faɗi takardar binciken kuɗi sau ɗaya, da maki uku kacal tsakanina da hayewa. Na yi kwana biyu ina zargin mai maki. Da zuciya ta huce na ɗauko rahoton da masu jarrabawa ke fitarwa bayan kowane zama, sai na ga kamar ni aka zauna aka siffanta. An ba da labarin wani kamfani, an ce ka faɗi haɗarin da mai bincike zai lura da shi a wannan kamfanin, ni kuma na juye duk abin da na haddace game da haɗari gaba ɗaya, ban ko waiwayi labarin ba. Na cika shafi biyu da gaskiya tsantsa wadda ba ita aka tambaya ba. Rahoton nan kyauta ne, yana nan a ajiye, amma ɗalibai kaɗan ne ke buɗe shi. Sun fi son a turo musu "tambayoyin da za su fito."

Karanta littafi daga bango zuwa bango yana sa mutum ya ji kamar ya yi ƙoƙari, shi ya sa kuke son sa. Abin da ke sa mutum ya ci jarrabawa shi ne ɗaukar tsofaffin tambayoyi, a rufe littafi, a ajiye agogo a gaba, a amsa kamar ranar ce. Lissafin ba wuya. Jarrabawar awa uku mai maki 100, kowane maki yana da minti 1.8. Tambaya mai maki 20 ke nan minti 36 ne haƙƙinta. Da sun cika ka wuce, ko da ranka na ce maka saura kaɗan. Makin farko na sabuwar tambaya ya fi arha a kan makin ƙarshe na wadda kake ta kokawa da ita. Kuma ku tuna a ACCA 50 ake nema. Wanda ya ci 50 da wanda ya ci 80 haruffa iri ɗaya za su liƙa a bayan sunansu.

Sai zancen yawan takardu. ACCA na zama sau huɗu a shekara, a Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma wannan ya zame wa wasu tarko. Mutum yana aiki daga safe zuwa dare, ga lokacin rufe shekara ya ƙarato, amma ya yi rajistar takardu uku don abokinsa ya yi. Ya faɗi biyu, ya sake biyan kuɗi, zuciyarsa ta karye. Dubi kalandar ofishinka kafin ka dubi ta jarrabawa. Sannu ba ta hana zuwa. Haka zancen rangwamen da ake yi wa masu digiri, wato a ɗauke musu wasu takardun jarrabawa, wanda a ACCA kan kai har takardu 9. Abin so ne, amma rangwame ba ya zuba ilimi a ka. Idan an ɗauke maka takardar rahoton kuɗi ta tsakiya alhali rabonka da darasin tun aji biyu na jami'a, to a mataki na ƙarshe, inda babu rangwame, za ta tare ka a hanya. Ka koma ka bi ta da kanka ko ba wanda zai ba ka maki.

Abu ɗaya ba zan yi muku sassauci a kai ba, shi ne satar amsa. A 2022 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari a Amurka ta ci tarar EY, ɗaya daga manyan kamfanonin binciken kuɗi, dala miliyan 100, saboda an samu wasu ma'aikatan bincikenta da maguɗi a jarrabawa. Wace jarrabawa? Har da ta ɗa'a. Abin dariya, abin kuka. Mutumin da aikinsa shi ne ya tabbatar wa duniya cewa lissafin wani gaskiya ne, ya fara da ƙarya a kan nasa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa kada ku yi gaggawar tashi.

Da zarar haruffan nan sun hau bayan sunanka, waya za ta fara ƙara. Za a kira ka a ce ga wani kamfani yana neman shugaban sashen kuɗi, albashi ya kusa ninka naka. Kai da jiya kake ɗaukar fayil, yau an ce shugaba. Ka tsaya ka tambaya: mutum nawa ne a sashen? Sau da yawa amsar ita ce kai kaɗai ne, sai wani mai karɓar kuɗi. Ma'ana babu babba a samanka da zai duba aikinka, babu wanda za ka leƙa ofishinsa ka ce "wannan shigarwar ba ta kwanta mini ba." Kai ne da mai kamfani, ido da ido. Ranar da zai ce maka a ɗan gyara alƙaluman nan saboda banki na jira, a wata mai zuwa za a mayar, wa zai tsaya a bayanka? Ka tambayi kanka da gaske, shin ƙwarewarka ake saye da wannan albashin, ko sa hannunka?

Ku karanta labarin WorldCom, kamfanin sadarwa na Amurka da ya durƙushe a 2002. Abin da aka yi a can ba wani tsafi ba ne, ɗalibin shekarar farko ma zai gane shi. Kuɗin da kamfanin ke biya na hayar layukan waya, wanda ya kamata a rubuta a matsayin kashe-kashen yau da kullum, sai aka riƙa mayar da shi asusun kadarori, don riba ta fito inda babu. Akwai mata biyu a labarin. Cynthia Cooper, shugabar masu binciken cikin gida, ita da mutanenta suka riƙa bin sawun shigarwar nan, har da aikin dare a ɓoye, suka bankaɗo kusan dala biliyan 3.8. Ɗayar kuma Betty Vinson ce, akanta a sashen lissafi. Ba ita ta ƙirƙiro dabarar ba. An umarce ta, ta nuna rashin jin daɗinta, har ta yi tunanin ajiye aikin, amma ta zauna ta ci gaba da shigarwa duk bayan wata uku. A 2005 kotu ta ɗaure ta wata biyar. Shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, shekara 25 aka yanke masa. Ni dai duk lokacin da na tuna labarin, Vinson ce ke tsaya mini a rai, domin kujerarta ce irin wadda ni da ku muke zama a kai. "Oga ne ya sa ni" bai fitar da ita ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma kada girman suna ya ruɗe ku ta ɗaya ɓangaren. Arthur Andersen na cikin manyan kamfanonin bincike biyar na duniya. Bayan badaƙalar Enron, kamfanin makamashi na Amurka da yake bincika wa lissafi, aka same shi da laifi a 2002 kan lalata takardu, kuma ko da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 2005, kamfanin ya riga ya watse. Shi ya sa yau ake cewa huɗu: Deloitte, PwC, EY da KPMG. Horo a irin waɗannan wurare yana da amfani, ba na musu. Za ka ga tsari, za ka ga manyan kamfanoni daga ciki. Amma kana iya shafe shekara biyu a kan ɓangare ɗaya na fayil, alhali takwaranka a ƙaramin ofis ya ɗauki kwali cike da rasit ya mayar da shi cikakken rahoton shekara, ya lissafa haraji, ya zauna da mai dukiyar ya yi masa bayani. Kowanne da abin da ya samu da abin da ya rasa. Wanda ya san abin da ya rasa shi ne zai san inda ya kamata ya nufa.

Ba cewa nake kada ku canja aiki ba. Ni kaina na bar aikin bincike na koma cikin kamfani, ban kuma yi nadama ba. Amma ku san hanyar ta fi sauƙi ta wannan fuskar. Barin bincike zuwa kamfani abu ne da ake yi kullum, komawa bayan shekaru kuwa sai an sha wuya. Kuma shekarar farko bayan kammalawa ita ce lokacin da ake fara ba ka ragamar aiki, ka jagoranci na ƙasa da kai, ka tsaya gaban abokin hulɗa kai kaɗai. Wanda ya gudu washegarin sakamako ya sha wahalar noma ne ya bar wa wani girbi.

Karatu ma bai ƙare ba, in gaya muku tun yanzu. ACCA na neman mambobinta su yi awa 40 na ƙarin ilimi duk shekara, kuma da dalili. Wanda ya kammala kafin 2019 ya tarar IFRS 16, ɗaya daga ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, ta canja yadda ake rubuta haya, ta shigo da ita cikin kadarori da basussuka. Ga IFRS 18 nan za ta maye gurbin IAS 1, ƙa'idar tsara rahoton kuɗi, daga 2027. Ku kuma riƙe Excel da kyau, don babu jarrabawar da za ta koya muku shi yadda ofis ke buƙata.

In kuwa ka yanke shawarar tafiya, ɗauko yarjejeniyarka ka karanta ta da idon akanta. Wurare da yawa da suka biya maka kuɗin karatu sun rubuta cewa za ka mayar da wani kaso idan ka tafi kafin wani wa'adi. Cire wannan daga sabon albashin ka ga abin da ya rage. A wurin ganawar neman aikin kai ma ka yi tambaya: wa zan riƙa kai wa rahoto, kuma shi ƙwararren akanta ne? Kwana nawa ake ɗauka kafin a rufe littafin wata? Me ya fitar da wanda ya bar kujerar? Lura da fuskokinsu a kan ta ƙarshen nan. Kada ka miƙa takardar ajiye aiki sai sabuwar ta zo hannunka a rubuce. Ka cika wa'adin sanarwa, ka rubuta bayanin miƙa aiki yadda na bayanka ba zai kira ka da tsakar dare ba.

Yaron nan dai na ce masa ya mayar da takardarsa aljihu. Da muka zauna muka ƙirga, wata 31 ne a rubuce, manufofi biyu kuma babu sa hannu. Mai kula da horon nasa yana hutu, sai mako mai zuwa zai dawo.