Mil Shida Tsawo, Mil Shida Faɗi

Jama'a, ku buɗe taswirar Google ku matso da ita kan jihar Ayowa ko kudancin Minesota a Amurka. Za ku ga ƙasa a yanke murabba'i-murabba'i kamar gidajen dara: hanya ta miƙe sak daga gabas zuwa yamma, bayan mil ɗaya wata ta gitta ta, haka har ido ya gaji. A cikin waɗannan layuka akwai ƙananan gundumomin karkara da suke kira taunshif, waɗanda yanzu wasu masu lissafin kuɗi ke cewa lokacinsu ya wuce, a rushe su. Ni ban yarda ba.

Talauci ne ya haifi wannan tsari. A 1785 sabuwar ƙasar Amurka ta fito daga yaƙi da Ingila, baitulmali wayam, bashi ya yi mata katutu. Abin da ke gabanta na sayarwa shi ne ƙasar da ke yamma da duwatsun Apalashiya. Sai majalisa ta yi doka cewa a auna kafin a sayar: kowace gunduma mil shida tsawo, mil shida faɗi, a raba ta kashi 36, kowane kashi eka 640, kuma kada a sayar da eka ƙasa da dala ɗaya. Thomas Hutchins ne ya jagoranci 'yan safiyo na farko, suka fara daga bakin kogin Ohayo, kusa da inda garin East Liverpool yake a yau. Kayan aikinsu sarƙar ƙarfe ce mai tsawon ƙafa 66. In an ja ta sau 80, mil ɗaya ke nan. Da ita aka ratsa daji da fadama.

Wani abin dariya: duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, don haka layukan da suka nufi arewa suna ta matsowa kusa da juna. Dole bayan kowane mil 24 masu awo su gyara lissafi. Shi ya sa direba zai yi ta tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, kwatsam sai ta karya kwana, ta ɗan gusa gefe, sannan ta ci gaba, babu dutse babu rafi a wurin.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Ƙasar nan tana da masu ita. Ƙabilun Shawnee da Delaware da Miami sun yi yaƙi a kanta, aka ci su a 1794, yarjejeniyar Greenville ta 1795 ta raba su da mafi yawan Ohayo. 'Yan Dakota ma haka suka rasa kudancin Minesota a yarjejeniyoyin 1851. Duk mai yabon waɗannan gundumomi ya riƙe wannan a ransa.

Amma akwai abu guda a dokar 1785 da nake jinjina wa. An ware kashi na 16 a kowace gunduma don makaranta, tun ba a san wa zai zauna a wurin ba. Da Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar 1862 mai ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar, mutane suka yi ta kwarara daga Jamus, Norwe, Suwidin da sauran wurare. Harshe ba ɗaya ba, coci ba ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne hanyar da damina ke lalatawa, da yaran da ke buƙatar karatu, da gawar da ke buƙatar kabari. A Ayowa an riƙa gina makaranta mai aji ɗaya bayan kowane mil biyu don yaro ya iya zuwa da ƙafa, har adadinsu ya haura dubu 12.

Daga irin wannan larura hukumar gunduma ta samu gindin zama. Yau akwai irinta fiye da dubu 16 a jihohi 20. A Ohayo mutum uku ake zaɓa su riƙe ta, da jami'in kuɗi ɗaya. Aikinsu ba na a zo a gani ba ne: zuba tsakuwa a hanyar burji, gyara kwalbati, kwashe dusar ƙanƙara kafin motar makaranta ta zo, yanke ciyawar maƙabarta, da kula da motar kwana-kwana. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a Amurka 'yan sa-kai ne, kuma a karkara mutumin da zai zo maka da tsakar dare shi ne wanda gonarsa ke maƙwabtaka da taka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne taron Minesota. Ranar Talata ta biyu a watan Maris, kowace shekara, mutanen gunduma kan hallara a ɗakin taronsu, wanda a wurare da dama tsohuwar makarantar nan ce mai aji ɗaya. Akan karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Sannan su da kansu, waɗanda za su biya, su kaɗa ƙuri'a kan iyakar harajin da za a ɗora musu. Shugabannin ba su da ikon wuce abin da taro ya yanke. A nan ne manomi zai miƙe ya tambayi dalilin da gireda ba ta bi ta layinsu ba tun bara, kuma wanda zai ba shi amsa yana zaune a kujerar gabansa. A wasu gundumomin har ladan kama wani ɓeran ƙasa mai tone gonaki a nan ake tsayar da shi, yaro ya kawo ƙafafun gaba biyu a ba shi 'yan daloli. Za ka iya raina ajandar. Amma a ina kuma talaka yake yanke wa kansa haraji da hannunsa?

Masu son a rushe su ba mahaukata ba ne. A 1935 Amurka tana da gonaki kusan miliyan 6.8, yau ba su wuce miliyan biyu ba. Tarakta ta maye gurbin hannaye, gida ɗaya yana noma abin da gidaje goma suka noma, matasa sun tafi birni, makarantun an haɗe su. Akwai gundumar da mutanenta ba su kai ɗari ba, ana neman ɗan takara ana rasawa. A Indiyana, kwamitin da tsohon gwamna Joe Kernan da alƙalin alƙalan jihar na lokacin, Randall Shepard, suka jagoranta ya ba da shawara a 2007 cewa a miƙa ayyukan gundumomin jihar, su fiye da dubu ɗaya, ga ƙananan hukumomin da ke sama da su. An yi ƙorafin son kai wajen ɗaukar 'yan uwa aiki, da tara kuɗi a asusu alhali mabuƙata na jira. Majalisar jihar ta karɓe aikin ƙiyasta haraji daga mafi yawansu a 2008, amma ta bar su da ransu.

A ganina daidai ta yi. Inda aka ci amana, a binciki littafin kuɗi a hukunta mai laifi. Inda mutane suka yi ƙaranci, gunduma biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi gireda ɗaya, su ɗauki akawu ɗaya, kamar yadda da yawa suka riga suka haɗa motar kwana-kwana. Amma a ce kwalbatin da ya toshe a bayan gonar mutum sai ya jira wani ofis mai nisan mil talatin ya tuna da shi, wannan ragin kuɗi ne a takarda kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma wanda ya saba tashi cikin sanyi ya kashe gobarar maƙwabci kyauta yana yi ne don yana jin wurin nasa ne. In an ƙwace masa ikon faɗa a ji, sai an biya wani albashi ya yi aikin, kuma ban ga masu lissafin sun sa wannan a cikin lissafinsu ba.