Kada wanda ya sake ce mini "za ka saba"

To, na karanta. Duk abin da kuka rubuta a ƙarƙashin hoton nan na jiya, wanda na ɗora ina kukan 'yan awowin hutun da suka rage mini a wurin aiki, na bi shi ɗaya bayan ɗaya, har da na wanda ya ce in rufe baki in ci dalata, da na ƙanin nan nawa da ya biyo ni ta akwatin saƙo yana cewa, "Yaya ka yi haƙuri, da sannu za ka saba." Na goge hoton ne saboda sunan kamfanin ya fito a gefe, ba don maganarku ta sauya mini ra'ayi ba. Ina nan kan bakana. Hutu albashi ne. Wanda ya rage maka kwanakin hutu ya rage maka albashi, ko da kuwa abin da ke shiga asusunka ya ninka biyu.

Awa 36, ita ce lambar da kuka gani. Abin da na tara ke nan tun daga Janairu da na fara aiki a Amurka zuwa ƙarshen Agusta. A nan ba a damƙa maka hutunka na shekara a hannu, ɗiga maka shi ake yi kamar ƙarin ruwa a asibiti. Kwana 10 a shekara, wato awa 80, a raba su gida 26, duk mako biyu in an biya albashi sai a ƙara maka awa uku da 'yan mintoci. Kuma a wurin aikinmu kwanakin ciwo da na hutu asusunsu ɗaya. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu a watan Maris, awa 16 suka tafi. Na shiga ofishin shugabar sashenmu na ce ina neman mako uku in je in ga mahaifiyata. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta sa yatsa a kan lambar, ba faɗa ba tsawa, har da murmushinta. Ta ce kwana huɗu da rabi nake da su. Tafiyata gida kwana biyu ce a hanya, dawowa kwana biyu. Ku yi lissafin da kanku.

Shekara shida na yi ina aiki a Ingila kafin in tsallako, don haka ba labari aka ba ni ba. A can doka ce ta ce mai aikin kwana biyar a mako yana da mako 5.6, wato kwana 28 da albashinsa. Inda na yi aiki kwana 25 suke bayarwa, ga ranakun hutun ƙasa 8 a kai, ya zama 33. Idan shekara ta doshi ƙarewa, shugabana da kansa yake tsayawa a kan teburina ya ce kwanakina sun taru, yaushe zan tafi. Daga 33 na faɗo 10. Kwana 23 na aiki aka ɗora mini, sama da wata guda cur, kuma da nake sa hannu a takardar ban sa su a ma'auni ba, idona na kan adadin albashi. Na amsa wannan, nawa ne. Amma amsa kuskurena bai wanke tsarin ba.

Masu cewa ai haka kamfaninku ne kawai, ku saurara. Babu wata dokar tarayya a Amurka da ta wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutu da albashi, ko da yini ɗaya ne. Dokar ƙwadago ta 1938, wadda ta kawo mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokaci, ba ta taɓo hutu ba. Ranakun hutun tarayya 11 da ake ta lissafawa, kamfani mai zaman kansa ba dole ya ba ka su ba. Kwana 10 ko 11 ɗin nan shi ne abin da sabon ma'aikaci ya saba samu a shekarar farko, sai ka shekara biyar kafin ka kai wajen 15, kuma kwana 20 sai ka yi kusan shekara 20 kana bauta. Kwana 20 ɗin nan kuwa, mako huɗu, shi ne mafi ƙarancin abin da Tarayyar Turai ta wajabta wa kowace ƙasa a cikinta, ga mai shara da ga darakta. Faransa ta fara ba ma'aikata mako biyu tun 1936 a zamanin firaminista Léon Blum, ta kai shi mako biyar a 1982. Hukumar Ƙwadago ta Duniya tun 1970 ta ce kada ya gaza mako uku. Japan da ake yi wa kirari da aiki har mutuwa, ita ma doka ta ba da kwana 10 bayan wata shida kacal, kuma tun 2019 dole mai kamfani ya tabbatar ma'aikaci ya ci aƙalla biyar daga ciki. A Jamus in ka kwanta ciwo a tsakiyar hutunka ka kawo takardar likita, mayar maka da kwanakin ake yi. Ni kuwa ciwona ne ya cinye hutuna.

Wani ya rubuta cewa akwai dokar da ta ba da mako 12 don kula da iyali. Akwai ta, ta 1993. Babu ko sisi a cikinta, hutu ne ba albashi. Sai kamfani yana da ma'aikata 50 zuwa sama, sai ka cika wata 12 a wurin, sai ka yi awa 1,250. Ni watana takwas. Ko da na cika sharuɗɗan ma, in dai don iyaye ne, dokar ta mai ciwo mai tsanani ce. Mahaifiyata ba ta kwance a asibiti, alhamdu lillahi. Tsufa ne kawai, kuma babu likitan da zai rubuta takarda ya ce tsohuwa tana bukatar ganin ɗanta.

Sai masu cewa to ka bar aikin mana, ko ka yi musu bore. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bizar da nake kai a ɗaure take da aikin nan. In aka sallame ni yau, kwana 60 nake da su in samu wani ya ɗauke ni ko in tattara iyalina in fita. Kuma a kusan duk jihohin ƙasar nan mai kamfani na iya sallamarka ba tare da ya faɗi dalili ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya ɗaga murya a kan hutu. Ba ya ma cin ɗan abin da aka ba shi da daɗin rai, don yana tsoron a ce ba shi da himma. Wannan ne abin da masu kallo daga nesa ba sa gani, su hoton mota da dusar ƙanƙara kawai suke gani.

Kuma don Allah a daina kawo mini zancen kamfanonin da ke cewa hutunsu ba shi da iyaka. Abin da ba a ƙirga ba, ba a bin bashinsa. In ka bar aiki babu kwanakin da za a biya ka kuɗinsu, kuma kullum kana satar kallon na kusa da kai don kada ka fi shi tafiya. Ni a ba ni lamba a rubuce, mai kauri, wadda zan iya nunawa.

Yanzu bari in dawo kan ƙanina da "za ka saba" ɗinsa, domin ita ce ta fi tsaya mini a rai. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Kuma gaskiya ne, ana sabawa. Ni ma na fara. Na koyi lanƙwasa kwana ɗaya a jikin ranar hutun ƙasa ya zama huɗu. Na koyi sa ganin likitan haƙori ƙarfe bakwai na safe don kada a cire mini awa biyu. Na je aiki da mura ina sharce hanci, abin da a da zan ji kunyar yi wa abokan aiki. Ranar da 'yata ta yi wasan makarantarsu, na zauna a mota ina lissafi a waya, rabin yini ko tikitin gida, na zaɓi tikitin gida, uwarta ta turo mini bidiyo. Wannan shi ne sabon da kuke mini fata. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Akwai wani dattijo a sashenmu, shekararsa 19 a kamfanin, yana gaya mini da alfahari cewa bai taɓa yin mako biyu a jere ba ya aiki ba. Na dube shi na rasa abin cewa, tausayinsa ya kama ni, domin shi ya riga ya saba.

Daren jiya na kira Mama. Sai da na yi ta kewaye-kewaye kafin in gaya mata ba zan samu zuwa bana ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ba komai, ka riƙe aikinka da kyau, Allah ya yi albarka." Daga nan ta shiga tambayar jikokinta ɗaya bayan ɗaya, don kada in ji nauyi. Na san muryarta, na san lokacin da take ɓoye abu. Shekara biyu da rabi rabona da in zauna kusa da ita. Kuɗi ina turawa kowane wata ba fashi, kuma na gode wa Allah da ya hore mini, ban taɓa raina wannan ba. Amma ba a tura zama ta banki. Wanda ya ce mini butulu saboda na faɗi haka, ban san me zan ce masa ba, sai dai in yi masa addu'ar kada Allah ya sa shi ƙirga awowi kafin ya ga uwarsa.

Ku da kuke ta turo mini takardunku kuna neman hanyar fitowa, in gemun ɗan'uwanku ya kama da wuta ku shafa wa naku ruwa. Kafin ku sa hannu ku tambayi kwana nawa ne, ana ba da su a dunƙule ko ɗigawa ake yi, na ciwo daban ne ko a haɗe, wanda ba ka ci ba yana tsallakawa baɗi ko ƙonewa yake yi. A jihar Kalifoniya doka ta hana a ƙone maka kwanakin da ka tara, a jihohi da yawa kuwa ba ruwan kowa. Ku yi ciniki a kan kwanakin kamar yadda za ku yi a kan kuɗi, tun suna zawarcinku, domin in ka shiga ɗaki an rufe ƙofa zancen ya ƙare. Hutu albashi ne, na faɗa na sake faɗa.

Af, har na manta. Ko kwana huɗu da rabin nan ma ba a bar wa mutum su cikin salama. Wata abokiyar aikina ta ɗauki Juma'a ɗaya tal ta kai ɗanta jami'a, ina gani da idona aka jefa ta cikin taron waya ƙarfe biyu na rana, ta amsa daga wurin ajiye motoci, ana jin yaron yana jan akwati a bayanta. Faransa tun 2017 ta tilasta wa manyan kamfanoni su zauna da ma'aikatansu su tsara lokacin da mutum zai kashe waya ba wanda zai neme shi. Manhajar aikin nan da suka sa muka ɗora a wayoyinmu na kanmu, wadda ke ƙara ko ƙarfe goma na dare ne, wa ya ba su izinin shiga aljihuna? Wayar ma ni na saya da kuɗina. Wannan kuma sai na zauna na yi muku rubutu na musamman a kanta.