Hannun da ke karkarwa daban, wanda ka miƙa daban

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muna fada nan unguwar Zariya ana dafa shayi, sai ƙanena da ke karatun falsafa yake ce min wai Yaya ai mutum ba shi da zaɓi, ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukunci tun kamin kai ka sani, don haka abokinshi mai shan tramol ba shi da laifi, haka aka rubuta mishi. Wallahi maganar nan ta hana ni barci.

Hujjarshi gwajin wani Ba'amurke Benjamin Libet a 1983, da aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kamin mutum ya ji niyyar motsa hannu. To an yi gwajin, amma fa ɗan motsin yatsa ne cikin ɗaki, ba a gwada wanda ya kwana uku yana saƙa da warwara ko ya cinye jikka hamsin ɗin amana ko ya maida wa mai ita ba, kuma shi Libet ɗin da kanshi ya ce mutum na iya tsai da motsin kamin ya auku.

Batun yadda rai ke juya jiki kuwa ya daɗe yana ba masana wuya. Wani Bafaranshe masanin falsafa mai suna Dekart ya ce rai daban jiki daban, a 1643 wata gimbiya Elizabet ta Bohemiya ta rubuto mishi, ta yaya abin da ba a taɓawa ke tura gangar jiki? Amsarshi ba ta gamsar da ita ba. Mu kam an riga an gaya muna a Suratul Isra'i aya ta 85, ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne.

Amma don Allah ka tuna lokacin da masassarar cizon sauro ta kama ka da damina, hannunka na karkarwa kana son ya tsaya ya ƙi. Shi ke nan ɗaya yake da hannun da ka sa aljihu ka ƙirga kuɗi ka miƙa ma mai ƙwaya? Kai ma ka san ba ɗaya ba ne, kuma irin wannan misalin malamanmu suka kafa ma Jabariyya masu cewa bawa tilas ake mishi. Allah ne mahaliccin komi, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da maras daɗi, amma kai ne ka nufa ka aikata. In babu zaɓi, don mi aka ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci aka bar shi kanmu?

Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham da ya ji annoba a can juyawa ya yi, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah? ya ce i, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Na san ƙwaya in ta kama jiki ba a barinta rana ɗaya, shi ya sa na ce ma ƙanen nawa ya bar ba abokinshi uzuri, ya zo min da shi ran Litinin da safe mu tahi wurin likita tare, kuɗin kabu-kabu ni zan biya.