Takardun Epstein: asirin wa ake rufawa?

Abin da ya fi ɗaure min kai a shari'ar Ghislaine Maxwell, matar da aka ɗaure kan samo wa Jeffrey Epstein 'yan mata ƙanana, shi ne makamin da ta ɗauka ta tafi ɗaukaka ƙara da shi har Kotun Ƙolin Amurka. Wata tsohuwar yarjejeniya ce ta 2007 da aka ƙulla a ɓoye a Florida, tsakanin Jeffrey Epstein da ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya Alexander Acosta. Epstein, attajirin da ake zargi da lalata 'yan mata ƙanana, ya amsa ƙaramin laifi a kotun jiha a 2008, aka yanke mai wata 18, ya yi wajen 13, shi ma fa da rana sai a buɗe mai ƙofa ya tafi ofis ya yi harkarsa ya dawo ya kwana. Wai gidan yari kenan. A cikin takardar kuma aka cusa cewa ba za a taɓa waɗanda suka taimaka masa ba, su kuwa yaran da aka cuta ko a faɗa musu, sai a 2019 wani alƙali ya ce wannan ɓoyon ya saɓa doka.

To wannan takardar ce lauyoyin Maxwell suka ce ta lulluɓe ta ita ma. Kotun ɗaukaka ƙara a Satumban 2024 ta ce a'a, alkawarin ofishin Florida bai ɗaure na New York ba, Kotun Ƙoli kuma a Oktoban 2025 ta ƙi ma sauraron maganar, shekara 20 ɗin da aka yanke mata a 2022 na nan daram. Madalla. Amma ku duba fa, sirrin da aka yi a bayan idon yaran nan shi ne ya nemi zame mata ƙofar fita.

Shi ya sa ni dai in aka ce an rufe fayil don kare waɗanda aka zalunta sai na tambaya waye ya ci ribar rufewar. Virginia Giuffre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ce Epstein ya cuce su, ta kai Maxwell ƙara a 2015 kan ɓata suna, aka sasanta a 2017, takardu masu yawa aka sa musu kwaɗo, sai da jaridar Miami Herald ta yi ta zarya kotu kafin Mai shari'a Loretta Preska ta ba da umarnin buɗe babban kaso, suka fito a Janairun 2024. Kusan shekara 7 ana jan ƙafa, alhali ita mai ƙarar da bakinta take ba da labarinta a bainar jama'a.

Na san hujjar masu cewa a yi hattara, kuma ba shirme ba ne. Sunan mutum a fayil ba ya nufin ya yi laifi, direba yana ciki, mai girki yana ciki, wanda ya zo walima sau ɗaya ma yana ciki, kuma mun san halin soshiyal midiya, kafin gari ya waye an yanke wa mutum hukunci an binne shi. Akwai kuma matan da yanzu sun yi aure sun haihu, ba sa son a sake tono musu. Wannan ai maganinsa baƙar tawada ce, a shafe sunan yarinya da adireshinta, a bar sauran. Ba a ƙona rumbu don ɓera.

Wasan da aka yi a 2025 kam ya ban dariya. Gwamnatin Trump da ta ga matsin lamba kan ta saki takardun Epstein sai ta ruga kotu wai a buɗe bayanan zaman sirrin da aka tantance tuhumar Epstein, Mai shari'a Richard Berman ya ce musu shafi wajen 70 ne kawai a nan, ku kuma kuna zaune kan kusan shafi 100,000 a ofishinku. Sai da majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a 427 da 1 a Nuwamba aka yi dokar tilasta fitar da su.

Ita Maxwell, bayan ta yi kwana biyu tana ganawa da mataimakin antoni janar na lokacin, Todd Blanche, sai ga shi an mayar da ita wani gidan yari mai sassauci a Bryan, Texas. Giuffre kuwa tun a Afrilun shekarar ta rasu a Ostireliya, tana da shekara 41, ba ta ga dokar ba.