Wa'adin Gwajin Motata Ya Ƙare Ina Katsina

Saƙon ya shigo wayata ne ina zaune a barandar asibiti a Katsina, ina jiran a kira mu mu shiga da Hajiyarmu wajen likita. Hukumar kula da gwajin motoci ta Birtaniya ce take tuna mini cewa saura wata guda wa'adin shaidar lafiyar motata ya ƙare, wato gwajin da kowa a can yake kira MOT. Na karanta na mayar da wayar aljihu, domin a lissafina sati biyu kawai suka rage in koma Manchesta. Allah bai nufa ba. Jinya ta ja, tafiyar sati uku ta koma kusan ta wata uku, ranar ta zo ta wuce motar tana nan a gefen titi ƙofar gidan da nake haya.

Da na faɗa wa ƙanena abin da ke damuna, sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Haba Yaya, wannan har abin damuwa ne? Ka tura wa wani hoton takardun da kuɗin, ya je ya sabunta maka mana." Ba wasa yake yi ba, haka ya ga ana yi, kuma ni kaina haka na yi shekaru kafin in bar gida. Da safe aka ba wani tsofaffin takardu da kuɗi, kafin la'asar ya dawo da sababbi, har da shaidar cewa motar ta cancanci hawa titi, alhali ba ta motsa daga inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu ba. Ba wanda ya taka birkinta, ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta, amma ga hatimi ga sa hannu.

A Ingila ba a sabunta wannan shaida daga nesa, saboda ba takarda ake sabuntawa ba, motar ake dubawa. An fara gwajin a 1960 a kan motocin da suka haura shekara goma, aka yi ta rage shekarun har suka dawo uku a 1967, kuma har yau mota tana cika shekara uku da rajista ta shiga gwajin kowace shekara. Babu kwanakin alfarma bayan ranar ƙarewa. Wanda aka kama yana tuƙi ba tare da shaidar ba yana iya biyan tarar da ta kai fam 1,000, kuma dokar ba ta tsaya a kan tuƙi ba, ko ajiye motar a titin gwamnati ba a yarda da shi ba. Harajin mota ma ba ya sabuntuwa sai da shaidar gwaji mai aiki. Tun 2014 aka daina manna takardar haraji a gilashi, komai yana cikin kwamfuta, kyamarori suna karanta lambar mota, don haka babu jami'in da za a tsaya a yi wa bayani cewa mahaifiya ce ba ta da lafiya. Ƙofa biyu kawai doka ta bari: a tuƙa motar zuwa gwajin da aka riga aka kama lokacinsa, ko zuwa inda za a gyara ta.

Laifin nawa ne, kuma ba na mantuwa ba ne, na son riba ne. Doka ta ba mutum damar yin gwajin wata guda ba kwana ɗaya kafin wa'adi ba tare da ranarsa ta shekara mai zuwa ta canza ba. Lokacin da zan taso wannan dama ba ta buɗe ba tukuna. Ina iya kai motar a gwada ta a lokacin, sai dai ranar za ta dawo baya in yi asarar 'yan makonni daga shekarar da na riga na biya, kuma gwajin nan mafi tsadarsa fam 54.85 ne, doka ta hana gareji ya wuce haka. Don kada in yi asarar abin da bai kai kuɗin kajin gidan gona biyu ba, na jawo wa kaina kwanaki na waya tsakanin Katsina da Manchesta.

Akwai hanyar sanar da hukuma cewa mota ta sauka daga titi, wadda suke kira SORN, amma sharaɗinta shi ne motar ta kasance a fili ko gareji na mutum, ni kuwa gidana irin jerin gidajen nan ne da ƙofarsu ke buɗewa kan titi. Dole sai wani ya kai ta gwaji. Wani dattijo da muke sallar Juma'a tare, mutumin Kumasi, shi ya ɗauki nauyin, amma ko shi sai da na sa sunansa a inshorata na ɗan lokaci, domin a can ba a miƙa wa mutum makulli haka kawai don an yarda da shi. Maƙwabciyata ta buɗe masa gida ya ɗauki makullin ajiya, ya kama lokaci a gareji mafi kusa, ya zo ya tarar batir ya mutu saboda sanyi da zama. Da yamma ya kira ni ya ce, "Malam, sai haƙuri, motarka ta faɗi jarrabawa."

A nan ne ra'ayina ya fara juyawa. Tun 2018 ake kasa aibin mota gida uku, ƙarami da babba da mai haɗari, kuma biyun ƙarshe suna kayar da mota. Tawa ta fita da aibi biyu masu kayar da mota: birkin baya na gefe ɗaya ya cije saboda tsatsa, sannan tayar gaba ta suɗe ta ciki, wajen da ido ba ya gani sai an ɗaga mota, har zanenta ya gaza milimita 1.6 da doka ta tanada. Tsatsar zan iya ɗora wa zaman wata biyu a cikin ruwan sama da gishirin da suke watsa wa tituna da hunturu, amma tayar da ita nake ɗaukar 'ya'yana zuwa makaranta kafin in taso, ina kuma da yaƙinin motata lafiya lau take. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da tsarin ya yarda a sabunta mini ta waya kamar yadda ƙanena ya ba da shawara, da na ji daɗi a ranar, da kuma na sauka daga jirgi na hau babbar hanya da wannan taya.

Ba wai na daina ganin taurin tsarin ba ne. Mutanenmu da ke ƙetarawa da motocinsu zuwa Faransa ko Sifaniya lokacin hutu suna gamuwa da wanda ya fi nawa, domin ba a yin MOT a wajen Birtaniya, kuma gwajin waɗancan ƙasashe ba ya maye gurbinsa. Idan wa'adi ya cim ma mutum a can, motarsa ta fita daga ƙa'ida a ƙasar da yake baƙo. Gwamnati kuma ta nuna tana iya sassauci idan ta ga dama, tunda a 2020 lokacin korona ta ƙara wa motoci wata shida. A Jamus gwajin ƙananan motoci duk shekara biyu ne, kuma sai jinkiri ya haura wata biyu tara take farawa. Ina ganin babu abin da zai ragu da lafiyar kowa idan aka bar motar da ba ta motsi ta yi 'yan kwanaki a inda take. Amma wannan ƙorafi ne a kan ajiya, bai taɓa asalin maganar ba, wato sai an ga mota kafin a shaide ta.

Mu ma a Najeriya ba doka muka rasa ba. Muna da jami'an duba motoci na jihohi da ake kira VIO, muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, Kano tana da KAROTA, Kaduna tana da KASTLEA, kuma Legas tun farkon 2022 ta ce ba za ta ba da shaidar lafiyar mota ba sai an kai motar cibiyar gwaji. Abin da ya bambanta shi ne inda muka zuba ƙarfinmu. Mun zuba shi a bakin titi, inda ake tambayar direba fatikula, a duba kwanan wata, a yi ciniki ko a yi gardama, har maganar ta kai wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a watan Oktoban 2024 cewa jami'an VIO na Abuja ba su da hurumin tsare motoci ko cin tarar direbobi. Duk wannan rigima a kan takarda ce da wanda zai karɓi kuɗinta. Alhali mu ne muka fi Bature bukatar gwajin, saboda zafinmu ya fi cin taya, ramukanmu sun fi karya ƙafar mota, kuma yawancin motocinmu sun gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa kafin su sauka Kwatano ko Legas. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga motocin gwanjo miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma.

Na san amsar da za a ba ni, domin ƙanena ya riga ya ba ni ita: idan aka kawo tsaurin Ingila gida, rabin motocin haya za su kwana a tasha, talaka kuma shi zai biya, tunda direban da ke sayen taya gwanjo ba don yana son ta ba ne. Wannan gaskiya ce, kuma ba na cikin masu dawowa hutu su riƙa cewa a can kaza ake yi. Sai dai Ingila ma ba da dogon jerin yau ta fara ba. A 1960 abu uku kacal ake dubawa, birki da fitilu da sitiyari. Da za mu tsaya a kan waɗannan uku mu ƙara taya, mu bar hayaƙin salansa da tsagar gilashi zuwa wani lokaci, amma mu dage cewa sai makanike ya ɗaga motar ya gani da idonsa, da kuɗin da mutane suke biya duk shekara ya sayo musu wani abu ban da hatimi.

Kwana biyu bayan wayar dattijon nan, na ce wa ƙanena mu kai motar gida wajen makanike, wadda muke ɗaukar Hajiya da ita zuwa asibiti kullum. Takardunta cikakku ne, da sauran wata takwas a gaba. Makaniken ya cire ƙafar gaba ya nuna mana fatar birki ta cinye har ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, mai faci kuma ya tsuguna ya karanta mana lambobi huɗun da ke gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Tayoyin baya biyu sun haura shekara goma. Ƙanena ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "To Yaya, kai za ka biya, tunda kai ka ce a duba."