Ƙannena 'yan ƙwadago, igiyar a zuci take

Da ku nake, ƙannena, ku da kuke fitowa da jijjifi kuna jiran mai gona ya kwashe ku dashen shinkafa ko tsinkar tumatir a Kadawa, tsakanin Kura da Garun Malam. Ni ma cikin wannan lakar na tashi, har gobe a cikinta nake neman abin sawa a bakin salati. Abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Bara lokacin dashe na ba wa samari shida jinga. Cikinsu akwai ɗan maƙwabcinmu, yaro mai ladabi, a gabana aka yanka ragon sunansa. Muna isa kowa ya naɗe ƙafar wando ya faɗa ruwa, shi kuwa ya tsaya a kan kunya yana lalube. Ya zazzage aljihun riga, ya zazzage na wando, ya cire hula ya leƙa cikinta. Sai ga gumi ya keto masa, alhali sanyin safiya bai saki mutane ba. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Yaya, kayan aikina na manto." Dashe kuwa ba shi da kayan aikin da ya wuce hannu. Wani abokinsa ya matso ya damƙa masa ƙwaya ɗaya ta tiramol. Wallahi tana shiga tafin hannunsa fuskarsa ta washe, kafaɗunsa suka sauka, har da murmushi. Bai kai ta baki ba tukuna. Ko da ya haɗiye ta ma, tiramol kan ɗauki kusan awa guda kafin ta fara aiki sosai a jiki. To mene ne ya kwantar masa da hankali nan take?

Igiya biyu ce take ɗaure ɗan shaye-shaye. Ta farko ta jiki ce. Wanda ya saba da tiramol ko kodin, in ya daina zai sha ciwon gaɓoɓi, gumi, yoyon hanci, gudawa da rashin barci. Wahala ce ta gaske, amma galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu take sassautawa. Ta biyun ita ce mai taurin kai, don a zuci take. Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari, dofamin, wanda aikinsa shi ne ya ce maka, "Wannan abu ya yi daɗi, riƙe hanyarsa, ka koma." Duk sanda ka sha, ƙwaƙwalwa tana haddace lokacin, da wurin, da fuskar wanda kuka sha tare, har da ƙarar ɓare fakitin. A kwana a tashi sai ganin bakin kanal da asuba kaɗai ya isa ya tayar maka da sha'awar. Daga nan sai maganar nan ta zauna daram: "Ba zan iya aiki ba sai da ita." Wani ya ce ba ya iya barci sai da ita. Wani ko zance wurin budurwa ba ya iya zuwa sai ya caje.

Shi ya sa za ka ga yaro ya yi azumi talatin bai taɓa komai ba, ranar hawan salla ya koma ruwa. Jikinsa ya riga ya huta, amma ya dawo majalisar da ya bari, ita kuma ƙwaƙwalwa ba ta manta ba.

In kuna shakka, ku dubi masu cacar ƙwallo a waya. Ba su haɗiyi komai ba, ba su busa komai ba. Amma na san wanda ya sayar da buhun shinkafar da aka ware don iri, ya zuba a wasan da ake bugawa a Ingila, yana rantsuwa wannan karon zai mayar da abin da aka cinye masa. Ya kwana yana duba waya, hannu na rawa, daidai da yaron nan a kan kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a babi ɗaya da na shaye-shaye. Tun kafin su, Allah Ya haɗa giya da caca a aya guda cikin suratul Ma'ida, Ya ce da su Shaiɗan yake jefa gaba tsakaninmu, yake kange mu daga ambaton Allah da salla.

Abin ya fi ƙarfin ƙauyenmu. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki masu shan dangin tiramol ne. A watan Mayun shekarar gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Kwalba ta yi tsada, sai yara suka koma ƙwaya, wasu sholisho, wasu wiwi. An ɗauke abin sha, ƙishirwar tana nan.

Maganar "sai da ita" kuwa ƙarya ce, kuma ina so ku ji ta daga bakin wanda ya san nauyin garma. Tiramol maganin ciwo ce, ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Gajiya ɗan aike ne, jiki ya turo shi ya ce maka ka huta, ka ci abinci. Ƙwaya toshe wa ɗan aiken baki take yi. Kamar wanda ya ci bashin hatsi ne da damina zai biya ninki da kaka, yau ya ƙoshi, gobe rumbu wayam. Kuma wadda hukumar NAFDAC ta yarda da ita mai lamba 50 ce da 100, bisa takardar likita. Wadda ake miƙo muku a ɓoye har da mai 225. Yawanta yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ku tuna inda kuke aiki: a sunkuye, cikin ruwa.

Mu masu gona ma da namu alhakin. Na daɗe da sanin abin da yaran nan ke haɗiya, na yi shiru don aikina yana sauri. Ina neman gafarar Allah a kan wannan shirun.

Wanda ya ji maganar nan ta taɓa shi, kada ya ce zai yi kokawar shi kaɗai. Ka faɗa wa mutum ɗaya da kake jin kunyarsa. Ka je asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai a Kazaure, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Musamman mai shan ƙwayoyin sa barci irin su baliyam, kada ya yanke lokaci guda ba da likita ba, don hakan na iya jawo jijjiga. Sannan ka sauya majalisa, ka sauya hanya. Sha'awar in ta taso kamar guguwa take, tana murɗawa ta wuce, in ka tashi ka yi alwala, ka nemi mutane, ba ka zauna kai kaɗai ba. In kuma ka zame ka koma, kada ka kuskura ka sha adadin da ka saba a da. Jiki ya sauka daga wancan matsayin, abin da kake ɗauka jiya zai iya kai ka kushewa yau.

Iyaye kuma, ku sani mari da bulala ƙafa kawai suke ɗaurewa, ba sa kwance igiyar zuci. An taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani da ya sha giya, wasu suka yi masa mummunar addu'a, sai ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwansu.

Yaron nan ya dawo dashe bana, bayan mahaifinsa ya yi ta kai shi ganin likita. Aikinsa bai kai saurin na da ba, ni kuma ban rage masa ko sisi ba. Da hantsi in bayansa ya riƙe, yakan fito kan kunya ya zauna ya sha fura, sannan ya koma. Rannan muna komawa gari na ga ya bar hanya ya ratse ta bayan makarantar firamare. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yaya, har yanzu in na bi ta gaban shagon nan yawu ke taruwa a bakina."