Sai da na zo Kwatano na koyi fita da matata

Shekara bakwai muka yi da aure a Maraɗi, a unguwar Bagalam, kuma ban taɓa ɗaukar matata mu biyu mu tafi wani wuri don mu zauna kawai ba. Na kai ta asibiti, na kai ta gidan biki na sauke ta a ƙofa, na kai ta gaisuwar rasuwa Tibiri. Iyakar fitarmu ke nan. Da na taso daga kasuwa sai wanka, sai cin tuwo, sai fada wajen abokai, ana dafa shayi har dare ya raba. Ba na jin na zalunce ta a lokacin, don haka na ga mahaifina yana yi, haka kowa a layinmu yake yi.

Aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ya kawo ni Kwatano, daga baya iyali suka biyo ni muka zauna a Zango. Wata Lahadi maƙwabciyarmu, dattijuwa ce 'yar ƙasar, ta ce mu bar mata yara mu je mu sha iska. Na ji nauyin maganar, amma na kasa yi mata musu. Bayan sallar Azahar muka hau tasi zuwa Fijirose, bakin tekun da ke yamma da gari, bayan filin jirgin sama.

Wanda ya tashi a Maraɗi, Gulbi ya sani, wanda ke cika da damina ya koma rairayi da rani. Teku wani abu ne daban. Matata ta tsaya ta riƙe bakin hijabinta, iska na kaɗa shi, ta daɗe ba ta ce komai ba sai tasbihi. Muka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, aka fasa mana kwakwa ɗanya, muka sayi gasasshen kifi da soyayyar ayaba da suke kira aloko. Masunta sun jeru suna jan koma daga cikin ruwa, suna waƙa, igiya ɗaya mutum ya fi ashirin. Can sai ta ce, "Maigida, ka san tun da muka yi aure yau ne ka tambaye ni abin da nake so in ci?" Daga nan hira ta ɓalle. A ranar na ji cewa ta so ta ci gaba da karatu bayan aure amma ta ji tsoron faɗa mini. Shekara bakwai muna kwana ɗaki ɗaya ban san wannan ba.

Tun daga lokacin muka mai da shi al'ada, kuma na koyi yadda ake shirya shi. Damina babba a nan daga Afrilu zuwa Yuli take, ruwa na iya tsinkewa ba sallama, don haka Disamba da Janairu sun fi daɗin fita. Bakin tekun cike yake da wuraren kiɗa da giya, musamman yammacin Lahadi, sai mutum ya ƙara gaba kan hanyar masunta wadda ta nufi Wida, inda ake samun wuri shiru. Mukan tafi da buta da darduma, mu yi La'asar a kan rairayi. Kuma ba ma shiga ruwan. Igiyar tekun nan tana janye mutum ta ƙasa, har waɗanda suka iya iyo tana cinyewa. Iyakarmu mu bari kumfa ta taɓa ƙafa. Da yake gaɓar kudu take kallo, idan ka fuskanci teku rana ta hannun damanka take sauka. Idan ta yi ja sai mu naɗe tabarma, don ba na son duhu ya same mu a wurin.

Mun je Ganbiye ma, garin da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe. Daga Kalabi ake shiga kwalekwale, kuma da safe ya fi, lokacin da mata ke cin kasuwa daga jirgi zuwa jirgi. Wida kuwa, mai nisan wajen kilomita 40, ba zan ba wa mai neman nishaɗi shawarar ya fara da ita ba. A can ƙofar tunawa da bayi take, wadda aka gina a 1995 a daidai inda ake loda mutane zuwa nahiyar Amurka. Matata ta yi kuka a gindinta, muka dawo gida shiru. Tafiya ce da ta kamata a yi, amma ranarta daban.

Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da na ba abokaina na gida wannan labari, amsarsu ɗaya: "Ai ku kuna da teku." Ban yarda ba. Tafkin Madarumfa yana nan kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ga tsuntsaye, ga masunta, ga kifi sabon kamu. Na san halin tsaro a yankin iyaka ya sa dole mutum ya tambaya kafin ya tafi, ya je da rana ya dawo da rana. To ga lambunan Jiratawa kusa, ga inuwar mangwaro a bakin Gulbi da rani. Kilishi da fura mai sanyi da tabarma, nawa za su ci? Abin da mutum ke kashewa kan shayi da sukari a fada cikin mako ɗaya ya isa.

Gaskiyar abin da ke hana mu shi ne bakin mutane. Saurayi zai wanke kaya, ya fesa turare, ya tafi zance ya tsaya a ƙofar gidan budurwa sa'a biyu, ba mai cewa uffan. Da an ɗaura aure, ranar da aka gan shi ya goya matarsa a babur ba biki ba asibiti, sai a fara: an shanye shi, ya zama mijin-ta-ce. Wato lokacin da ba ta halatta gare shi ba an yarda ya ba ta lokacinsa, da ta halatta kuma abin ya zama abin kunya. Ina girmama kunya, da ita aka rene mu, kuma har yau ba na kiran sunan matata a gaban mahaifiyata. Amma kunyar da ta hana mutum sanin abin da ke zuciyar uwar 'ya'yansa, ban ga inda addini ya umarce mu da ita ba. Malamanmu na Maraɗi da kansu suke karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya. Muna jin hadisin a wa'azi mu gyaɗa kai, mu tashi mu koma fada.

Akwai wanda ya ce mini shi mata biyu gare shi, fita da ɗaya rigima ce. Na ce ai raba kwana ba sabon abu ba ne a wurinsa. Kowace ya fita da ita ranar girkinta, abin da ya saya wa wannan ya saya wa waccan. A gidan da ake zaune da iyaye da matan 'yan'uwa tsakar gida ɗaya ma aka fi bukatar wannan, don a irin gidan mace na iya yin wata guda ba ta samu minti goma da mijinta ba tare da wani na saurare ba.

Ƙanena na matsa wa lamba a waya har ya gaji da ni. Bayan ƙaramar Salla ya bar yara wajen Inna, ya ce mata za su je duba wani lambu, ya ɗauki matarsa suka nufi Jiratawa. Shi bai ce mini komai ba. Matarsa ce ta kira tawa da daddare, ina jin su daga tsakar gida, tana cewa, "Yaya, har zogale ya tsinko mini da hannunsa."